Tambaya da Amsa: Ina son ɗaukar hoton hawan doki, amma ba a bari na shiga fili

Tambaya: Malam, ina ɗaukar hoton biki da suna a Garwa, a ƙasar Kamaru. A Babbar Sallar da ta wuce na je hawa a wata fada da kyamarata, dogarai suka mai da ni cikin 'yan kallo, alhali ga wasu masu hoto a tsakiyar fili da kati a wuya. Ta yaya zan samu irin wannan katin?

Amsa: Ƙanena, abin da ka gani a wuyansu iri biyu ne. Akwai katin 'yan jarida na ƙasa, carte de presse, wanda wani kwamiti ke bayarwa ta hannun Ma'aikatar Sadarwa a Yawunde, bisa dokar aikin jarida ta 1990. Shi na mai aiki da wata kafa ne, jarida ko rediyo ko talabijin, kuma sai ka nuna shaidar aikinka. Ofishin ma'aikatar na Jihar Arewa a nan Garwa yake, ka je su faɗa maka takardun da ake nema. Kada ka sayi kati a hannun wani, ko ka buga naka a shagon kwamfuta. Ranar da jandarma ya kama ka da shi, ka ɓata sunanka, ka ɓata na masu sana'ar.

Na biyun shi ne izinin masu taron, kuma a ganina shi ka fi buƙata. Fantaziyar sallah, wato hawan dawakin da ka je, ta Lamido ce, filin nasa ne, dogarai kuma ba katin Yawunde suke dubawa ba, fuskar da suka sani suke dubawa. Sukuwa ma haka take, kwamitin da ya shirya ta ke ba da wuri.

Saboda haka ka fara neman wata ƙaramar jarida ko gidan rediyo mai shafin Facebook, ka ce za ka kawo musu hotunan hawa. Su ba ka takarda mai hatimi da sunanka, ordre de mission. Ka kai ta wurin sakataren fada tun sallah na da saura mako biyu ko uku, ba da safiyar idi ba, lokacin kowa ya ruɗe. Ka tafi da hotuna goma da ka wanke, ka cire takalmi inda ake cirewa, ka yi gaisuwa da Fulatanci in kana ji.

Hotuna goman nan kuwa na dawaki nake nufi. Ka riƙa zuwa barga da wurin kilisa da yamma, ka ɗauki mahaya, ka kai wa kowa nasa kyauta. In ka samu hali ka leƙa Demsa, wajen Gashiga, inda aka san su da dawaki. Mahayan nan su za su ce da dogari, "A bar shi, namu ne."

In an bar ka ka shiga, ka tuna dalilin da ya sa ake korar mutane. Lokacin jahi dawaki kan taho a guje su ja linzami dab da gaban Lamido, kuma doki mai lifidi a cikin ƙura ba ya kauce wa kowa. Ka tsaya a gefe inda aka nuna maka, kada ka tsallaka fili. Ka kashe filasha, tana firgita doki. Saurin ɗaukar kyamara ya kai 1/1000 na daƙiƙa in kana son ƙafafu su fito tsaf, kuma kada ka canza gilashin kyamara a cikin ƙurar nan. Jirgi marar matuƙi ka bar shi a gida, izininsa daban ne, na hukuma. Matan fada kuma ba a ɗaukarsu sai an tambaya.

Bayan sallah ka wanke mafi kyawun hotunan ka kai fada da hannunka, da lambar wayarka a bayan kowanne.