Tambaya da amsa: Na haɗa maƙera a gida, amma ƙarfe na ƙonewa, gawayi na ƙarewa

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina koyon ƙira ne don sha'awa, ba sana'a ba. Na gina murhu da bulon siminti, na sa bututun ruwa irin mai sheƙin nan, ina hura wuta da na'urar busar da gashi. Gawayi na cinyewa nan da nan, ƙarfen kuma ko dai ya ƙi yin ja sosai, ko ya ƙone yana tartsatsi. Ba ni da uwar maƙera, kuma burina in ƙera wuƙa daga sifirin ɗin mota. Me zan gyara?

Amsa: Ɗan'uwa, barka kadai. Kafin mu je maganar wuƙa, ka cire bututun nan yau. Sheƙin da kake gani tutiya ce aka shafa masa don kada ya yi tsatsa. Tutiya tana tafasa a digiri 907 na ma'aunin Salshiyas, wutar maƙera kuwa ta wuce nan da nisa. Farin hayaƙin da take fitarwa, idan ka shaƙe shi, bayan 'yan sa'o'i sai zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon jiki su rufe ka. Ka nemi baƙin bututu wanda ba a shafa masa komai ba. Haka nan duk ƙarfen da ka ga yana ƙyalli ko an yi masa fenti, kada ya shiga wutarka. Bulon siminti ma bai dace ba, domin akwai ruwa a cikinsa, idan zafi ya yi yawa sai ya tsage, wani lokaci ya yi tsalle da ɓarɓashi zuwa fuskar mutum.

Murhun da zai yi maka aiki bai wuce akwati da ƙasa ba. Ka samu akwatin katako ko rabin duro, ka cika shi da ƙasa mai yumɓu da aka cuɗa da yashi da toka, ka daddaɓe ta. A tsakiya ka haƙa rami mai faɗin kamar santimita 15, zurfinsa wajen santimita 10. Bututun iska, mai faɗin ciki santimita 2 zuwa 2.5, ya shigo ta gefe, bakinsa ya tsaya daidai bangon ramin, ɗan sama da ƙasansa don toka ta samu wurin kwanciya. Ka lulluɓe bakin da yumɓu kada ya narke. Ka bar ginin ya bushe kafin ka kunna wuta mai ƙarfi, kuma ƙasa ta yi kauri tsakanin wuta da katako.

Matsalolinka biyu, ƙonewar ƙarfe da ƙarewar gawayi, uwarsu ɗaya ce: iska ta yi yawa. Gawayin itace ba ya son iska mai ƙarfi, na'urar busar da gashi kuwa tana turo ninkin abin da ƙaramar wuta take buƙata. Kada ka manne ta da bututun. Ka bar tazara tsakaninsu, rabin iskar ta zube waje, ka riƙa matsowa ko ja da baya har ka ji wutar tana gurnani a hankali ba tana watsa garwashi ba. Ka sa ta a kan iska mai sanyi, zafinta ba shi da amfani a nan. Da zarar ka ciro ƙarfe ka kashe ta. Abin da ya sa har gobe nake ganin zuga-zugi ya fi wa mai koyo ke nan, da ka saki hannu iska ta tsaya.

Sai inda kake ajiye ƙarfen. Wuta hawa-hawa ce. Dab da bakin bututu iskar ba ta gama ƙonewa ba, duk ƙarfen da ya zauna nan zai yi ɓawo, ya zaizaye, ya ƙone. Saman tulin kuma zafi bai kai ba. Wurin da kake nema yana tsakiya: garwashi mai kaurin yatsu uku zuwa huɗu tsakanin iska da ƙarfe, da wani gawayin a kansa ya rufe shi. Ka shigar da ƙarfen a kwance, kada ka soka shi ƙasa. Gawayin kuma a farfasa shi ƙanana, santimita 2 zuwa 3, saboda manya suna barin ramuka iska ta bi ta wuce.

Launi shi ne ma'auninka, don haka ka yi aiki a inuwa. A tsakiyar rana ƙarfen da ya kusa ƙonewa sai ka gan shi kamar bai yi komai ba. Ana bugu ne daga ruwan goro mai haske zuwa ruwan ɗorawa, wato wajen digiri 900 zuwa 1,200. Idan ya koma ja mai duhu, mayar da shi wuta. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, a nan ba karin magana ba ce kawai, mai bugun ƙarfe da sanyi tsaga shi yake yi. Idan ya yi fari yana feshin tartsatsi, wannan ɓangaren ya lalace, yanke shi za ka yi. Inuwar kuma ta zama wadda iska ke ratsawa, rumfa ba ɗaki a rufe ba, domin gawayi na fitar da gubar iska marar wari da ke kashe mutum bai ankara ba.

Rashin uwar maƙera, wato ƙarfen da ake ɗora aiki a kansa a buga, kada ya hana ka barci. Kan babbar guduma mai kilo 4 ko 5, a dasa shi a tsaye cikin kututture, ya wadatar. Ba faɗi ake nema ba, nauyin da ke ƙarƙashin inda masaba ke sauka ake nema, shi ya sa doguwar sandar ƙarfe a tsaye ta fi ta a kwance. Tsayin uwar maƙerar daga ƙasa ya zo daidai dunƙulen hannunka idan ka miƙe ka saki hannu. Masaba mai gram 800 zuwa kilo 1 ta isa. Masu koyo suna son ɗaukar mai nauyi, sai kafaɗa ta gaji, bugu ya riƙa kaucewa.

Sifirin ka ɗan ajiye shi tukuna. Ƙarfe ne mai kyau, amma yana da tauri a ƙarƙashin masaba, kuma tsohon sifirin yakan zo da tsagar da ido ba ya gani sai ka gama wahala ta bayyana. Fara da ƙarfe mai laushi, sanda mai kaurin milimita 10 da tsawon da za ka riƙe da hannu ba sai da awartaki ba. Ka koyi fiƙe baki, da lanƙwasa, da murɗawa. Ka yi ƙugiya, ka yi sandar tona wuta, sannan ka ƙera awartakinka da kanka. Na farko zai fito a karkace, ba komai, zai riƙe. Tabarau na kariya dole ne, tufafi na auduga, ban da na roba mai narkewa a jiki. Kuma duk ƙarfen da ke kusa da maƙera ka ɗauka mai zafi ne, domin yana iya yin baƙi alhali yana kan digiri 400.

Ranar da ka zo kan wuƙar, bayan ka gama ƙira ka zafafa ta har ta yi ja, ka bar ta ta huce a iska, sau biyu ko uku. Sannan, don taurara ta, ka sake zafafa ta kana gwadawa da maganaɗisu. Ƙarfe na daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770, ka ƙara kaɗan a kan haka, sai ka tsoma ta cikin man girki mai ɗumi a gwangwanin ƙarfe, da murfi a kusa ko da man zai kama wuta. Ruwa yakan tsaga sifirin, baƙin man mota kuma hayaƙinsa cuta ne. Ka goga magagari a bakin: idan ya zame bai ci ba, ta yi tauri. A wannan halin tana iya karyewa ko faɗuwa ta yi, saboda haka nan take ka goge ta ta yi haske, ka ɗumama ta a hankali ta gadon bayanta, kana kallon launi yana gangarowa. Da bakin ya yi ruwan ƙasa-ƙasa mai haske, wajen digiri 220 zuwa 230, ka tsayar da shi da tsomawa. Idan ka bari bakin ya kai shuɗi, ya yi laushi da yawa, sai ka sake taurarawa daga farko.