Komawa waƙar taro bayan an manyanta: amsoshin likita

Tambaya: Likita, shekaruna 62. Da na yi ritaya sai na koma waƙa a zumuntar mata ta cocinmu, wadda na bari tun ina goyo. Daɗi nake ji ƙwarai, amma muryar ba ta hawa kamar da, kuma tana dishewa bayan koyo. (Wata uwa daga Billiri)

Amsa: Mama, kada ki fasa. Tantanin da ke fitar da murya a maƙogwaro yakan saki da shekaru, kuma bayan ɗaukewar al'ada muryar mace takan ɗan yi ƙasa. Ba ciwo ba ne. Ki roƙi shugabarku ta mayar da ke cikin masu murya mai kauri, maimakon ki yi ta kokawa da 'yan mata. Kafin a fara, ki yi ɗan gunguni baki a rufe na minti 5. Ki riƙe gorar ruwa, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke busar da maƙogwaro. Idan muryar ta dishe ki huta, kuma ki bar yin raɗa, don raɗa ma gajiyar da ita take yi. Zuma da citta suna sanyaya wuya, ban hana ba. Amma dishewar da ta wuce mako 3, ko wahalar haɗiya, ko jini a majina, sai likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai su a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe.

Tambaya: Na koma zaman bege da abokaina duk daren Juma'a. Ina da hawan jini, ga busasshen tari yana katse mini baiti. (Wani dattijo daga Azare)

Amsa: Baba, hawan jini ba ya hana bege. Ku duba kwalin maganinku. In lisinopril ne, an san shi da jawo irin wannan tari, kuma akwai madadinsa; ku gaya wa likitanku, kada ku daina sha da kanku. In tarin ya kai mako 2, ga rama ko gumin dare, a gwada majina saboda tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Kafin sakamako ya fito ku ɗan dakata da zuwa, domin ɗaga murya a ɗaki rufe na yaɗa cuta. A 2020, a jihar Washington ta Amurka, mutum 61 suka hallara koyon waƙa, fiye da 50 suka kamu da korona. Ku ce a buɗe tagogi, ko a shimfiɗa tabarma a waje.

Tambaya: Mahaifiyata tana manta sunayenmu, amma da an ɗauko waƙar gaɗa ta zamaninsu sai ta amsa tsaf. Mu ƙyale ta? (Daga Dukku)

Amsa: Ku ma ku taya ta, har da tafi. Waƙar ƙuruciya takan daɗe a ƙwaƙwalwa bayan sunaye sun ɓace, kuma tana kwantar wa irinsu hankali. Ba ta warkar da mantuwar, don haka ku kai ta asibiti a bincika dalili.