Jaridar da kuka tsinta a adakar kakanka

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ga hoton. Ka ce kuna kwashe kayan marigayi kakanka, Allah Ya jiƙansa, sai kuka tarar da tsohuwar jaridar Turanci a ƙasan adaka, an naɗe ta a ƙyalle tare da takardun gida, kuka yi ta mamaki tunda kowa ya san tsohon bai san ko bihim ba a Turanci. Daga nan ka ɗora tambayar da na san ita ce ke cinka: wai mu Hausawan Kumasi ba mu da jaridar Hausa ne, ko kuwa Hausar ce ta ƙare mana? Na yi dariya. Kafin kai mutum nawa suka yi mini ita, wasu ma ba da ladabin da ka sa ba.

Sunanta Ashanti Pioneer. Wani mutum mai suna John Tsiboe da matarsa Nancy suka kafa ta a nan Kumasi a 1939, shekarar da ku ma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Sa'o'in juna ne ke nan. Sai dai taku da Hausa ta fito, hukuma na tsaye a bayanta, Abubakar Imam na riƙe da alƙalami. Tamu da Turanci ta fito, kuma da kuɗin mutum da matarsa, a lokacin da kusan duk jaridun ƙasar suke can bakin teku, mu na cikin daji sai dai a kawo mana labari ya huce. A shekarar da ta fito yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, sai ta yi kasuwa da labarin yaƙi. Mutanen Zongo, unguwarmu ta baƙi Musulmi, na da dalilin sa kunne, don 'ya'yansu na cikin sojan da aka kwasa zuwa Gabashin Afirka da ƙasar Bama (Burma), kuma a barikin wancan zamani da Hausa ake magana, ko kai wane yare ne.

To yaya wanda bai iya Turanci ba yake karanta jarida? Da kunne. Mahaifina, wan kakanka, shi kaɗai ne a gidan ya leƙa boko, shi ma da dare, bayan ya sauke, don yana aikin awo a wani kamfanin Turawa masu sayen koko (na gona nake nufi, ba na sha da ƙosai ba). In an yi la'asar sai a shimfiɗa tabarmi a bakin rumfar goro, ya buɗe jarida, yana duba Turanci yana zubo Hausa kamar da ita aka rubuta. Ni na riski wannan zama ina yaro, ni ake aike in sayo. Layi biyu zai karanta tsofaffi su yi rabin sa'a suna musu, wani ya ce ƙarya ce, wani ya ce a maimaita. Kakanka ya fi kowa zafi. Har cewa yake Baba na rage wa labari gishiri don kada rai ya ɓaci, kuma ina jin da gaskiyarsa.

Ka ce 1957 ce a jikin wadda kuka gani. To na san abin da ya sa ya ajiye ta. A 1954 aka kafa jam'iyyar NLM a Kumasi ƙarƙashin Baffour Akoto, mai magana da yawun Sarkin Ashanti, saboda rigimar farashin koko da kuma tsoron kada Ankara (Accra), babban birnin ƙasar, ta haɗiye komai. Mutanen Zongo da yawa suna cikin jam'iyyar Musulmi, MAP, wadda ta haɗa kai da su wajen adawa da Firayim Minista Kwame Nkrumah. Pioneer ita ce bakin wannan ɓangare. Aka samu 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957, ba a rufa wata shida ba gwamnati ta ce Sarkin Zongon Kumasi, Alhaji Amadu Baba, da Alhaji Usman Lardan su bar ƙasar, wai baƙi ne. Suka je kotu suka ce su 'yan ƙasa ne. Shari'a na tafe majalisa ta zauna ta yi doka ta musamman da sunayensu su biyu, aka tasa ƙeyarsu zuwa Nijeriya. Ka duba fa, sarkinmu sukutum. Baba ya ce a kwanakin nan ba a yi musu a bakin rumfa ba, shiru kawai ake yi ana saurare. Kakanka ya karɓi jaridar ranar ya sa a aljihu, ashe ita ce ta kai har Kano.

Ita ma jaridar ba ta tsira ba. An fara da zaunar mata da mai tace labari, a 1962 aka rufe ta. Sai da sojoji suka kifar da Nkrumah a 1966 ta dawo, daga baya aka rage sunan ya koma The Pioneer kawai. Bayan nan ta yi ta faɗi-tashi da gwamnatoci iri-iri, wannan dogon zance ne, kuma ba shi ka tambaya ba.

Abin da ya fi ciwo yana gaba. Waɗanda iyayenmu suka sha wuya dominsu, su suka hau mulki a 1969, Busia ya zama Firayim Minista. Ranar 18 ga Nuwamba aka ba da umarni duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita cikin mako biyu. A nan aka haifi Baba, a nan aka haifi kakanka, amma a wurin hukuma haihuwa kaɗai ba ta isa ba, sai an tono asalin iyaye. Ina ɗan shekara goma sha biyu. Na ga mutane na sayar da gida da keken ɗinki a kuɗin da bai kai na akuya ba, na ga manyan motoci sun cika har sama, mata a kan ƙunshin kaya. Kakanka ya ce shi ba zai jira a kore shi kamar kare ba, ya kwashi iyalinsa ya nufi garin da bai taɓa gani ba sai a bakin ubansa. Da ya isa kuka sa masa suna Ɗan Gana, ya mutu da shi. Nan baƙo, can baƙo.

Mu me ya tsayar da mu? Abin nan da kuke yi mana gori da shi. Mahaifiyata Batoniya ce, wato 'yar ƙabilar Ashanti, ta musulunta kafin aure, ta riga mu da yawa zuwa Makka. A al'adar Tonawa ɗa na dangin uwa ne, abusua suke kiransa. Da umarnin nan ya fito, kawunnaina uku suka taso daga ƙauye da zannuwansu a kafaɗa, suka zauna a zaurenmu kwana da kwanaki, suna cewa yaran nan namu ne, mai taɓa su ya fara da mu. Ba Musulmi ba ne, ba su jin Hausa sai ta ciniki. Saboda haka in na ji ɗan Kano na cewa mun narke cikin arna don muna auren mutanen gari, sai in rasa ta inda zan fara. Ta wajen uba ni Bahaushe ne, ta wajen uwa Tonawa sun ce nasu ne ni, ban ga asarar da na yi ba. Ba na ce babu matsala ba. Akan yi rigimar gado, don su a da ɗan 'yar'uwa ke gadon kawu, mu kuwa shari'a muke bi. Akwai kuma tsofaffinmu da har yau za su ba ɗansu Batoniya da murna amma su ƙi ba Batone 'yarsu ko ya yi shekara ashirin yana salla, wannan kam ban taɓa samun mai ba ni hujjarsa ba.

Yanzu batun jaridar Hausa. Gaskiya ne, ban taso na ga wata da ta zauna da gindinta a nan ba. Dalilin ba wuya. Makarantun gwamnati a Gana suna koyar da Tuwi da Ga da Dagbani da sauransu, ba sa koyar da Hausa, don a lissafinsu ba harshen ƙasa ba ne, ko da yake gidan rediyon gwamnati ya daɗe yana labarai da ita. Wanda ya je boko Turanci ya koya. Wanda bai je ba, ajami yake rubutawa, da shi kakanninmu ke lissafin huhun goro da aika wasiƙa. Kuma kada ka raina ajamin nan. Alhaji Umaru na Karaci (Kete Krachi ta nan Gana), haifaffen Kano ne, amma a Salaga da Karaci ya yi zamansa har ya rasu a 1934, kuma waƙoƙinsa na Hausa da Larabci har yau malaman jami'a na ɗaukar digiri a kansu. Ubanmu na farko da ya zo, yana yaro ya biyo fataken Gwanja, yaƙin Salaga na 1892 ya watsa su, bai sauka Kumasi ba sai bayan 1900. Shekara ɗari da ashirin da wani abu ke nan, kuma har gobe da Hausa ake raɗa wa jikokina suna. Bafrafra da Bamoshe da Bazabarme in sun haɗu a Aboabo ko kasuwar Kejetia, da wane harshe kake jin suke ciniki? Batone ma in ya tashi da safe Hausa koko yake nema, ya ci waakye da rana, sunan ma daga wake ya fito.

Na sani, Hausarmu na ba ku dariya. Muna cewa matana ya tafi kasuwa, ba ruwanmu da ta ko ya, ƙasa da kasa duk ɗaya ne a bakin yaranmu. Sau ɗaya na zo Kano, a 1981, na je Kurmi sayen hula, ban gama gaisuwa ba mai rumfa ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji. Na biya kuɗin hular har da na kallo. Wannan da kake karantawa kuwa kakanka ne silarta. In ya sami mai zuwa yakan aiko mana da yadi da kilishi a naɗe cikin tsofaffin Gaskiya, ni kuma in warware in goge maiƙon in zauna ina haɗa baƙi, da haka na koyi rubuta irin taku. Shi ya tafi da jaridarmu da ba ya iya karantawa, ya riƙa aiko mana da taku. Da aka zo 1983 gwamnatin Shagari ta kori mutanen Gana, har jakar nan ta samo sunan Ghana Must Go, na ji ya kwana uku bai fita ba.

Hoton da ka turo bai fito sosai ba, rabin shafi ne kuma da inuwar hannunka. Ka shimfiɗa ta a ƙasa da rana ka ɗauki kowane shafi daban, kada ka ja inda ta manne, kada kuma ka sa mata gam. In ka turo zan zauna in juya maka ita da Hausa yadda Baba ke yi, ba zan rage gishiri ba. Ka gaida mahaifinka, ka ce masa har yanzu ina jiran hular da ya yi mini alkawari tun bikin yayarka.