Saura mako shida ka bar Japan: ka bar wa mutane makon ƙarshe

Assalamu alaikum Malam. Ka ce kwantiraginka na koyarwa a Japan zai ƙare a ƙarshen Maris, saura mako shida, kaya sun cika ɗaki, barci ya ƙaurace maka, ba ka san ta inda za ka fara ba, har kana tunanin ka sulale ba tare da ɗalibanka sun sani ba. Na yi shekara uku ina koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare a can, na baro a Maris ɗin 2019, don haka na san abin da ke cin ranka.

Ka gama da takardu da kaya tun yanzu, makon ƙarshe ka bar wa mutane. Ni akasin haka na yi, kuma har yau abin bai sake ni ba.

Fara da kuɗinka. Idan ana cire maka na fansho daga albashi, kana da damar karɓar wani kaso a dunƙule bayan ka bar ƙasar, muddin ka biya na wata 6 ko fiye, kuma ka nema cikin shekara 2 da fitarka. A lokacina na wata 36 kawai ake lissafawa, amma a Afrilun 2021 aka kai shi wata 60. Inda mutane ke asara shi ne harajin kashi 20.42 cikin ɗari da ake yankewa daga wannan kuɗin fanshon na ma'aikaci kafin a turo masa. Ana iya dawo maka da shi, sai dai dole ka naɗa wakilin haraji, wato wani mazaunin Japan da ka amince da shi, ka kai sunansa ofishin haraji, kuma ya fi sauƙi ka yi hakan kana ƙasar. Ni wani malamin lissafi ne ya tsaya mini, Allah ya saka masa da alheri. Ka nemi naka a wannan makon, don abu ne da ake roƙo a natse, ba a bakin ƙofa da jaka a hannu ba. Ka kuma sani, in ka karɓi kuɗin, shekarun da ka tara sun goge, saboda haka in da niyyar komawa aiki can, ka yi tunani tukuna.

Sai harajin mazauni. Duk wanda ranar 1 ga Janairu ta same shi da adireshi a gari, harajin shekarar ya hau kansa, ana lissafa shi da abin da ya samu a bara, takardar kuma sai Yuni take fitowa, lokacin kana gida. Je ka ofishin ƙaramar hukuma ka tambayi yadda za ka biya. Albashinka na ƙarshe ma zai iya zuwa a rage, don sukan haɗa ragowar harajin Afrilu da Mayu su cire gaba ɗaya. A wannan ofishin ne za ka cike takardar sanarwar barin gari, ana karɓarta tun kimanin kwana 14 kafin tafiya. Kada ka rufe asusun banki sai albashin ƙarshe da ragowar kuɗin ajiyar haya sun shigo. Ka roƙi makaranta takardar shaidar aiki da Turanci, mai hatimi. Katinka na izinin zama a ƙasar kuwa a filin jirgi za a huda shi.

Kaya su ne suka cinye ni. Ka san a can ba a fitar da katifa ko tebur a ajiye bakin titi. Sai ka kira masu kwashe manyan kaya an ba ka rana, ka sayi takardar mannawa ta shaidar biyan kuɗin kwashewa ka liƙa. Maris kuma watan ƙaura ne a ƙasar duka, tunda a Afrilu makarantu da ma'aikatu ke fara sabuwar shekara, ranakun sukan cike da wuri. Firji, injin wanki, talabijin da na'urar sanyaya ɗaki ma ba sa cikin wannan tsarin, dokarsu daban tun 2001, sai ka biya kuɗin sarrafa su. Na yi sakaci da firjina har saura kwana biyu. Ranar da na ware don in yi sallama da wata tsohuwa maƙwabciyata, wadda ta shekara uku tana rataya mini kayan lambunta a hannun ƙofa, a waya na ƙarar da ita ina neman wanda zai ɗauke shi. Da na ƙwanƙwasa mata washegari da sassafe, ta tafi asibiti ganin likita. Wasiƙa na zura mata ta ƙarƙashin ƙofa. Ko ta iya karanta Japanancina, Allah masani.

Don haka littattafai da kayan sanyi ka aika ta jirgin ruwa a gidan waya yanzu, za su ɗauki wata ɗaya zuwa uku. Sauran ka kyautar. Abin da hannunka bai taɓa ba tun bara, ba zai cancanci gurbi a jaka mai kilo 23 ba.

Maganar ɗalibai ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Malam, don Allah kada ka sulale. Na san dalilin: kana tsoron muryarka ta karye a gaban yara, kana kuma ganin kai baƙo ne, wani zai maye gurbinka a Afrilu, su manta. Ba haka yara suke ba. Gaskiya ne a makarantun gwamnati na can ba a cika sanar da canjin malamai ba sai ƙarshen Maris, don haka ka fara zuwa wurin mataimakin shugaban makaranta ka nemi izini, ka tambaye shi ranar da ya ga ya dace ka faɗa. Ka nuna masa cewa kai ba makarantar da ke gaba za a mai da kai ba, ƙasar za ka bari. Nawa ya yarda in faɗa a darasina na ƙarshe da kowane aji. Akwai kuma taron sallamar malamai da suke kira rininshiki, inda za ka hau dandamali ka yi jawabi. Rubuta shi da Japananci, gajere, ka ba wani abokin aiki ya gyara, ka yi ta maimaitawa har ya zauna a bakinka. In hawaye ya zo, ka bar shi ya zo. Malamansu ma suna yi.

Akwai wani yaro ɗan aji biyu da ba ya iya zaman aji, ɗakin malamar jinya yake wuni. A shekara guda bai gaya mini kalma goma ba. Nakan leƙa in gaishe shi in wuce, ban ɗauka gaisuwar tana isa ko'ina ba. Ranar ƙarshe ina tsugune a zauren shiga, inda kowa ke canza takalmi, ina ɓare takardar sunana daga akwatin takalmina, sai na ga ƙafafu a gabana. Ya miƙo mini wata takarda da hannu biyu, kansa a sunkuye. Ya rubuta jimla huɗu da Turanci, an goge an sake har takardar ta yi laushi, yana cewa ya gode da nake kiran sunansa daidai kullum. Malamar jinya ta ce kwana uku ya yi yana rubutawa, tun ranar da ya ji zan tafi. Da na sulale, da wannan yaron ya zo a Afrilu ya tarar da sunan wani a akwatin.

Rashin barcin kuma kada ya tsorata ka. Murnar gida da baƙin cikin rabuwa ne suka haɗu a ƙirji ɗaya, kuma ɗaya ba ya ƙaryata ɗaya. Ni abin da ya taimake ni shi ne fita da yamma in taka hanyar makaranta a ƙafa, ba waya a hannu. Ka rubuta sunayen mutum biyar da ba za ka yafe wa kanka ba in ka tafi ba ku gana ba, ka sa wa kowa rana tun yau, kafin firji ya cinye ta. Allah ya kai ka gida lafiya, ya sa ka tarar da iyali lafiya.