Wa Ke Shan Datar Gidanmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidan haya muke, iyali uku muna haɗa kuɗi kan rauta (na'urar da ke ba da waifai) ɗaya, amma data ba ta kai ƙarshen wata. Yaya zan gane waɗanda ke hawa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Haɗa wayarki da waifai ɗin, ki buɗe burauza, ki rubuta adireshin da ke kan takardar da aka manna a ƙasan rautar. Galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, ƙananan na Huawei kuwa 192.168.8.1. Shiga da kalmar sirrin mai kula (ta shiga saitin rautar, ba ta waifai ba), ki nemo jerin na'urorin da ke haɗe. Kowace za ta fito da sunanta da lambar MAC (lambar shaidar na'ura) mai harufa da lambobi 12.

Sunayen ba sa bayyana mai su, don haka a sa kowa ya kashe waifai ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, kina sabunta shafin kina rubutawa. Wadda ta rage, ban da wayarki da sauran na'urorin gidan, ta baƙo ce.

Toshe ta da lambar MAC ba ya ɗorewa, domin wayoyin Android 10 da iOS 14 zuwa sama suna iya sauya lambar. Abin da ke aiki shi ne sauya kalmar sirrin waifai zuwa mai harufa 12 ko fiye, a zaɓi tsarin tsaro na WPA2 ko WPA3, a kashe WPS (hanyar haɗawa ba tare da rubuta kalmar sirri ba). Ki ja wa yara kunne, don da hoton QR da waya ke nunawa ake raba kalmar sirrin cikin daƙiƙa. A duba kuma talabijin da kwamfuta masu sabunta kansu cikin dare, sukan cinye data fiye da maƙwabci.