Tambaya da Amsa: Jikin ɗana ba ya karɓar gyaɗa, yaya zan karanta rubutun jikin leda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 5, likita ya tabbatar jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, da ya ci sai borin jini da kumburin leɓe. Na sayi biskit a kanti nan Tawa, babu gyaɗa a jerin kayan haɗinsa, amma can ƙasa an rubuta "peut contenir des traces d'arachides", wato mai yiwuwa akwai ɓurɓushin gyaɗa a ciki. In ba shi? Daga wata uwa a Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Kada ki ba shi. Masana'antar ba ta zuba gyaɗa da gangan ba, amma injin da ya yi biskit ɗin yakan yi wani mai gyaɗa, kuma wanki ba ya fitar da ɓurɓushi duka. Wata ledar babu komai a ciki, wata akwai. Shi ya sa yaro kan ci sau da yawa lafiya lau, rana ɗaya ta ɓaci. In kin ga "fabriqué dans un atelier qui utilise", wato an yi shi a wurin da ake aiki da abin da aka ambata, duk kanwar ja ce, kada ki ɗauka ya fi sauƙi.

Abin da ya fi damunmu shi ne iyaye na ɗauka in babu wannan gargaɗin, to abincin ya kuɓuta. Ba haka ba ne. Ko a Turai ba a tilasta rubuta gargaɗin ɓurɓushi ba, ganin damar masana'anta ne. Abin da dokar Tarayyar Turai mai lamba 1169/2011 ta tilasta, tun Disamban 2014, shi ne a fito da abubuwa 14 da jikin wasu ba ya karɓa ƙarara a cikin jerin kayan haɗi, galibi da harufa masu kauri: gyaɗa, madara, ƙwai, kifi, waken suya, riɗi, alkama da sauransu. Kayan kantunanmu kuwa daga ko'ina suke zuwa, Najeriya, Aljeriya, Turkiyya, Sin, kowa da dokarsa.

Don haka ki nemi inda aka rubuta "Ingrédients", wato jerin kayan haɗi, wani lokaci yana ƙarƙashin naɗin ledar, sai kin ɗaga shi. Ki karanta har ƙarshe, domin ana jera kayan ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta, ɗan kaɗan ɗin da zai tayar wa yaro yana can wutsiya. Ki nemi "arachide", "cacahuète" da "huile d'arachide", a kayan Najeriya kuma "groundnut" ko "peanut". Rubutun ƙanana ne, ki ɗauke shi hoto da waya ki buɗa. Ki riƙa dubawa duk sayayya, ko da kayan da kika saba ne, don masana'antu kan sauya haɗi ledar ba ta sauya kama ba. Wanda rubutunsa ya goge, ko yake cikin harshen da ba mai karanta miki, ki bar shi.

Mu kam mun fi jin tsoron abin da ba shi da rubutu sam: kilishi da ake shafa wa labu mai gyaɗa, yajin tsire mai ƙuli-ƙuli, dakuwa, alawar da aka ƙulla a farar leda, da ƙosan da aka soya da man gyaɗa na gida, wanda ba a tace shi kamar na masana'anta ba. Suya da dafuwa ba sa kashe abin da ke tayar da ciwon. Ki sanar da malaminsa na makaranta da kakanni, a daina miƙa masa abu don tausayi.

In ya ci bisa kuskure, alamu kan bayyana cikin mintoci zuwa awa 2. Numfashi da ƙyar, dushewar murya, kumburin harshe, amai a jere ko jiki ya saki, wannan asibiti ne nan take. Maganin ƙaiƙayi ba ya buɗe maƙogwaro, allurar adiranalin a gefen cinya ce ke yi. Ki nemi likitansa ya rubuta miki awon da ya dace da nauyinsa, takardar ta zauna a jakarki.

Tambaya: 'Yata madarar shanu ce ba ta karɓa. Mai rubutun "sans lactose" ta dace da ita? Daga wani uba a Yamai.

Amsa: A'a Malam, in dai furotin ɗin madara ne jikinta ya ƙi. Sukarin madarar kawai aka kawar, furotin yana nan. Ka guji duk mai "lait", "lactosérum", "caséine", "beurre" ko "crème". Nonon akuya ma ba mafita ba ne, furotinsa ya yi kama da na saniya ƙwarai.