Ku Tambayi Bakanike: Sitiyarin Marsandi na yana "ƙwas" in na murɗa

Assalamu alaikum, Usta. Ina da Marsandi 230E ƙirar 1984, wadda muka gada daga mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Wata uku ke nan in na murɗa sitiyari a tsaye sai in ji ƙara "ƙwas" daga wajen tayar gaba ta hagu, kuma a hanyar Daura zuwa Katsina motar tana yawo, sai na yi ta kamo ta. An canza mini tayarod, ba ta daina ba. Wani ya ɗaure notin da ke saman akwatin sitiyari, sai sitiyarin ya yi tauri amma ƙarar tana nan. Yanzu an ce in sayi wani akwatin. In saya?
Malam Sani, malamin makaranta, Daura.

Wa alaikumus salam, Malam Sani. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kada ka sayi komai tukuna, kuma don Allah ka daina hawa babban titi da motar nan sai an duba abin da zan faɗa maka.

Motarka ita ce wadda kamfanin ya kira W123, ya fara fitar da ita a 1976. Sitiyarinta ba irin na Fijo 504 ba ne mai doguwar sanda a kwance. Akwati ne na ƙarfe mai nauyi, a ɗaure jikin shasi ta ɓangaren direba da dogayen kusoshi uku, waɗanda suke ratsa shasin daga cikin mazaunin taya. Duk ƙarfin da famfon man sitiyari yake bayarwa don juya tayoyi, a kan kusoshin nan uku yake sauka. Ka lissafa shekara arba'in ana wannan turereniya, ga ramuka, ga hanyoyin ƙauye masu gargada. Zatona akwatin naka ne yake motsi a mazauninsa, ko kusoshin sun saki, ko shasin ya tsage a ƙarƙashinsa.

Gwajin ba ya cin ko sisi. A ajiye motar a daidai, tayoyi a ƙasa, kada a ɗaga ta da jak, domin nauyinta ne zai tona asirin. A tada inji, yaro ya zauna ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama, kai kuma ka buɗe bonet ka haska akwatin da tocila. Lafiyayyen akwati ko gezau ba ya yi. In ka ga yana gyaɗa kai kamar ƙadangare, to ka kama ɓarawonka. Sannan ka leƙa ta mazaunin taya ka dubi kawunan kusoshin. Kusar da take wasa tana barin wata jar ƙura kamar garin barkono a kewayenta, wani lokaci har ka ga inda washa ta goge fenti ƙarfe yana ƙyalli.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne notin saman nan da aka ɗaure. Aikinsa rage wasan haƙoran da ke cikin akwatin, kuma kamfanin ya yarda da wasa har milimita 25 a bakin sitiyari. In wasan daga mazauni yake, taɓa wannan notin ba ya maganin komai, matse haƙoran kawai yake yi su riƙa cin junansu. Shi ya sa ka ji tauri, kuma na tabbata ka lura sitiyarin ya daina komawa tsakiya da kansa bayan kwana. A mayar da shi yadda yake kafin akwatin ya lalace da gaske.

Idan aka yi sa'a kusoshi ne kawai suka saki, kada a ce a ɗaure tsofaffin a wuce. Kusar da ta daɗe tana wasa ta gaji, jikinta ya zaizaye, zarenta ya miƙe. A sa sababbi, kuma ka karanta lambar da ke bisa kansu da idonka: 10.9 ake so. Mai 8.8 ba ta kai ta ƙarfi ba, wadda ba ta da lamba kuwa ta ƙofar gida ce, ba ta sitiyari ba. A ɗaure da sifana mai awo gwargwadon yadda littafin motar ya ce. Ni ban yarda a zura bututu a sifana yaro ya hau yana tsalle ba.

In kuwa tsagewa ce, to nan aikin yake. A daminar bara an kawo mini irin motarka daga Mashi, nan garejina da ke wajen Ƙofar Ƙaura. An riga an yi mata walda, amma mai waldar bai sauke akwatin ba, ya dai shafa wuta a kan abin da idonsa ya gani, bisa mai da ƙura. Da muka sauke akwatin muka wanke wurin da kananzir, sai ga tsagar ta taso daga ramin kusa ta sama, siririya kamar gashi, ta bi ta ƙarƙashin waldar ta ɓulla gaba da kusan tsawon yatsa. Na sa farce na bi ta mai motar yana kallo. Shiru ya yi, can ya ce ranar Juma'ar da ta wuce iyalinsa duka ya ɗauko a ciki.

Ga yadda muka yi mata, kuma haka nake so a yi wa taka. Mun cire kan batir, muka kawar da tiyon mai da wayoyi daga wurin. Muka kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya fito fes. A ƙarshen tsagar, kowane ɓangare, muka huda ɗan ƙaramin rami, domin tsaga tana tafiya ne ta bakinta mai tsini, ramin shi ke tsayar da ita. Muka fafe ta da giranda yadda wuta za ta shiga har ciki, aka yi walda kaɗan-kaɗan ana bari tana hucewa don kada shasin ya karkace. Bayan nan muka yanko fallen ƙarfe mai kauri, muka huda shi daidai ramukan uku, muka ɗora aka kama shi da walda. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Shasin a wurin nan kamar akwati yake, cikinsa fanko, sai aka sa gajerun bututu a ciki waɗanda kusoshin ke bi ta cikinsu. In ɗaya ya ɓalle, kana ɗaurewa shasin yana lotsawa, kusar ba za ta taɓa kamawa ba. Dole a duba su. Fuskar da akwatin zai zauna kuma a goge ta ta kwanta sumul, a shafa fenti saboda damina.

Tun da an sauke akwatin, a dubi ko yana yoyo. Man da yake zuba shi ne yake haɗuwa da ƙurar hunturu ya zama dattin da ke rufe tsaga shekara da shekaru. A duba hannun ƙarfen da ke riƙe da sandar sitiyari a ɗaya gefen, na ɓangaren fasinja, robobinsa su ma suna sa mota yawo. Bayan an mayar da akwatin, a zuba jan man giya a tankin famfon sitiyari, a ɗaga gaba, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa har kumfa ta ƙare, sannan a kai ta a daidaita tayoyi. Sai an gama duk wannan za a san ko akwatin kansa ya mutu. In ya mutu ɗin, ana samun na hannu a Ƙofar Ruwa a Kano, amma ka tafi da bakanikenka ya juya shi da hannu kafin ka biya.

Kai ma akwai naka. Ka rage murɗa sitiyari mota tana tsaye cak, bari ta ɗan gangara tukuna, kuma in ya kai ƙarshe kada ka danne shi kana jin famfo yana kuka. In za ka kawo ta Katsina in gani, kuma gwajin ya nuna akwatin yana motsi, ka ɗora ta a bayan babbar mota. Kilomita tamanin ɗin nan ban yarda ka tuƙo ta ba.